Fetur ko dizal? Tambayar da ke jiran mai sayen jirgin ruwa na shaƙatawa

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka akwai wani nau'in jirgin ruwa mai inji da iyalai ke saya don hutu. Tsawonsa kan kai mita 7 zuwa 15, a cikinsa akwai ɗakin kwana da ɗan kicin da banɗaki, mutum zai iya yin mako guda bai taka tudu ba. A gabashin Ingila, a yankin koguna da tafkuna da ake kira Norfolk Broads, irin waɗannan jirage sun cika ruwa a lokacin zafi, haka ma a kogin Thames. A nan gida ma masu hali suna da su a Legas, musamman wajen Ikoyi. Duk wanda ya je sayen irin wannan jirgi, kafin a kai ga maganar fenti ko kujeru, tambayar farko da dillali zai yi masa ita ce: na fetur kake so ko na dizal?

Mun san mafi yawanmu ba mu da kuɗin sayen keke mai kyau, balle jirgi. Amma mun ɗauko batun ne saboda amsarsa tana cikin littattafan fiziks da kemistiri da lissafi da ke cikin jakunkunanku, kuma injinan su ne dai waɗanda kuke gani kullum a babur da tifa da janareta. Bambancin shi ne a kan ruwa, zaɓin da bai dace ba zai iya cin dukiya, wani lokaci har da rai.

Yadda kowanne ke kunna wuta

Injin fetur mai bugu huɗu ya samo asali daga aikin Nikolaus Otto, Bajamushen da ya kammala nasa a 1876. Fistan yana zuƙo iska gauraye da fetur, ya matse su, sai fulogi ya yi tartsatsi, wuta ta tashi ta tura fistan ƙasa. Shi kuwa Rudolf Diesel, wanda injinsa ya fara aiki yadda ya kamata a garin Augsburg a 1897, cewa ya yi ba ya buƙatar fulogi. Injinsa iska zalla yake zuƙa, ya matse ta har zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Selshiyos, sannan a fesa mai a ciki, ya kama da kansa. Wanda ya taɓa hura tayar keke da famfo ya ji bakin famfon ya ɗau zafi, to ya ga wannan ka'ida da hannunsa.

Injin fetur kan matse abin da ya zuƙa sau 8 zuwa 12, na dizal kuma sau 14 zuwa sama da 20. Kusan duk sauran bambance-bambancen daga nan suka fito. Matsi mai yawa yana buƙatar ƙarfe mai kauri, shi ya sa injin dizal ya fi nauyi, ya fi tsada, ya kuma fi jure wahala. Matsin ne kuma ke sa ya fi tatsar ƙarfi daga kowace lita, ga shi ita kanta litar dizal ta fi ta fetur ƙunsar makamashi da kusan kashi 10 cikin 100 ko fiye kaɗan. (Shi Diesel ɗin, a kan ruwa rayuwarsa ta ƙare. A watan Satumban 1913 ya shiga jirgi daga Antwerp zuwa Ingila, da gari ya waye ba a same shi a ɗakinsa ba.)

Jirgi ba mota ba ne

Idan fetur ya ɗiga daga mota, ƙasa yake zuba, tururinsa ya bi iska. Jirgi kuwa kamar kwano yake. An gina shi ne don kada ruwa ya shiga ta ƙasa, saboda haka babu abin da ke fita ta ƙasan. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka idan tiyo ya tsage ko an zubar da mai wajen cika tanki, tururin gangarawa yake yi ya kwanta a gindin jirgi, daidai inda inji da batir da wayoyi suke. Ba ya buƙatar yawa. Idan ya kai kashi ɗaya da rabi cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya daga sitata ya isa ya tarwatsa jirgin.

A kemistiri akwai abin da ake aunawa, wato mafi ƙarancin zafin da mai zai fara fitar da tururin da zai iya kama wuta. Na fetur ya yi ƙasa da digiri 40 ƙarƙashin sifiri, ma'ana ko a cikin firiza kuka ajiye shi a shirye yake. Na dizal sai ya haura digiri 50. Wannan ne ya sa a jiragen fetur masu inji a ciki ake saka fanka ta musamman mai zuƙo iska daga gindin jirgi, kuma ƙa'idar da ake koya wa matuƙa a Amurka ita ce a kunna ta na tsawon minti huɗu kafin a tayar da inji. Tsofaffin matuƙa sukan ƙara da buɗe murfin inji su sa hanci su sansana. Dizal ma yana cin wuta idan ya fesu a kan ƙarfe mai zafi, kada wani ya ce mun wanke shi tas, amma ba ya yin wannan kwanton ɓauna.

Haɗari na biyu ba ya ƙara, ba ya wari. Hayaƙin injin fetur yana ɗauke da iskar kabon monokzayid fiye da na dizal nesa ba kusa ba. Wannan iska tana manne wa jini ta hana shi ɗaukar oksijin, mutum ya ji ciwon kai da jiri, ya kwanta, daga nan sai labari. A watan Afrilun 2013, a tafkin Windermere, wanda ya fi kowane tafki girma a Ingila, wata uwa da 'yarta sun rasu a cikin jirgi mai suna Arniston, saboda hayaƙin janaretan fetur da aka girka a ɗakin inji. A watan Yunin 2016 kuma mutum biyu da karensu suka mutu a jirgin Love for Lydia a Norfolk Broads. Jirgin a ɗaure yake, an bar injin fetur yana aiki don cajin batir, hayaƙin ya shiga ƙarƙashin rumfar da aka rufe bayan jirgin da ita. Daga Afrilun 2019 aka wajabta saka na'urar gano wannan iska a jiragen da ke da wurin kwana a mafi yawan kogunan cikin ƙasar.

Wannan ɓangaren ya shafe mu kai-tsaye. Iskar da ta kashe waɗancan mutane ita ce wadda ke kashe iyalai a garuruwanmu idan an shigar da ƙaramin janareta cikin ɗaki ko zaure don tsoron ɓarayi ko ruwan sama. Idan kun ga ana shirin yin haka a gida, ku yi magana, ko da ku ne auta.

To, me ya sa har yanzu ake sayen na fetur?

Saboda kuɗi, kuma masu yin hakan ba wawaye ba ne. Kamfanoni irin su Volvo Penta na Suwidin da Mercury na Amurka sun daɗe suna sayar da injinan jirage, kuma na dizal kullum ya fi ɗan'uwansa mai ƙarfi ɗaya tsada sosai. Injin fetur ya fi sauƙin nauyi, ya fi saurin ɗaukar gudu, bai cika jijjiga da ƙara ba, kayan gyaransa ma sun fi araha. A ƙaramin jirgin da ake so ya ɗaga hanci ya yi ta sululu a saman ruwa, nauyin injin dizal a baya kaɗai zai iya danne shi.

Inda dizal ke ramawa shi ne wajen shan mai. Injin fetur mai ƙarfin doki 300, idan an taka shi har ƙarshe, zai iya shanye lita 90 zuwa 100 a awa guda, alhali na dizal mai irin wannan ƙarfi bai cika wuce lita 65 ba. Ku lura a jirgi ba a lissafi da kilomita, da awa ake yi, domin ruwa ba ya barin jirgi ya gangara a banza kamar mota a kan tudu. Da zarar an saki totur, gudu ya mutu.

Ku ɗauko biro mu yi wani lissafi da alƙaluman misali da muka zaɓa don sauƙi. A ce jirgin dizal ya fi na fetur tsada da fam 15,000. A ce a tafiya matsakaiciya na fetur yana shan lita 50 a awa, na dizal lita 35, kuma kowace lita fam ɗaya da rabi ce. Mai dizal yana tsira da lita 15 a awa, wato fam 22.50. Idan awa 50 kawai yake hawa ruwa a shekara, kamar ma'aikacin da sai ƙarshen mako yake samun sarari, ribarsa fam 1,125 ce, kuma sai ya yi sama da shekara 13 kafin ya mayar da kuɗin da ya ƙara. Idan kuwa awa 500 yake yi, ribarsa fam 11,250 ce a shekara, cikin shekara ɗaya da wata huɗu ya fanshe. Jirgi ɗaya, farashi ɗaya, amma amsar ta juya saboda lamba ɗaya tak. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanonin da ke ba da hayar jirage a Norfolk Broads kusan duk dizal suke amfani da shi. Jiragensu kullum a kan ruwa suke, ga dokar yankin ta hana wuce mil 6 a awa, don haka zafin naman injin fetur ba shi da ranar amfani.

Masu harkar jirage sukan ƙiyasta cewa injin fetur kan yi awa 1,500 kafin ya nemi babban gyara, na dizal kuma awa 5,000 ko fiye. A ganinmu wannan lamba tana ruɗar mutane. Wanda ke yin awa 50 a shekara sai ya yi shekara 30 kafin ya cinye 1,500, kuma kafin nan tsatsa da zama wuri ɗaya sun riga sun gama da injin, musamman a ruwan teku mai gishiri. Zaman banza yana cutar da duka biyun. Fetur yana lalacewa idan ya yi watanni a tanki, kuma wanda aka gauraya da etanol, irin E10 da aka soma sayarwa a Birtaniya a Satumban 2021, yana janyo danshi. Shi kuma dizal, idan ruwa ya taru a gindin tanki, ƙwayoyin halitta kan tsiro a tsakanin ruwan da man, su zama baƙar laka mai toshe filta, inji ya mutu a tsakiyar ruwa inda babu bakanike a gefen titi.

Akwai kuma tambayar da sabon shiga kan manta: a ina zan sayi man? A gaɓar kogunan Ingila wuraren sayar da dizal sun fi na fetur yawa sosai, har wasu masu jiragen fetur sai sun ɗauki jarka sun tafi gidan mai a ƙafa. Kowace jarka da aka juye a cikin jirgi kuwa wata dama ce ga tururin nan ya gangara ƙasa.

Idan kun taɓa tsallaka kogin Neja a Yawuri ko kuka ga masunta a tafkin Kainji, za ku ce ai kwale-kwalenmu da fetur suke aiki kuma ba sa fashewa. Gaskiya ne mafi yawansu injin ratayawa ne a baya, irin na Yamaha, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai. Injin a waje yake, kwale-kwalen a buɗe yake, iska tana kwashe tururi da hayaƙi. Yanzu ma a Turai da Amurka ƙananan jiragen shaƙatawa da yawa ake ƙera su da injin ratayawa maimakon na ciki. Amma tanki da jarkokin mai a cikin kwale-kwalen suke zama, kusa da ƙafafun fasinja, kuma mai taba ba ya tambaya kafin ya ƙyasta ashana.

Da za a tilasta mana mu zaɓa, ga yadda za mu raba. Jirgin da bai kai mita 8 ba, wanda za a hau jefi-jefi a dawo gida kafin magariba, fetur ya ishe shi, musamman na ratayawa. Wanda ya haura mita 10, wanda za a yi doguwar tafiya da shi, a dafa abinci a ciki, yara su kwana kusa da ɗakin inji, za mu biya kuɗin dizal ko da lissafin biro bai goyi bayanmu ba. Tsakanin mita 8 da 10 ne dillalai da masu saye ke tafka gardama, kuma a nan sai mai saye ya faɗa wa kansa gaskiya game da awa nawa zai yi a kan ruwa a shekara.