Me Za Ki Kai Gidan Barka? Abubuwan Mamaki a Taƙaice

A Ikara da Makarfi da Hunƙuyi ba a kai wa ciki kaya. Ko cikin ya tsufa kowa na gani, ƙawa ba ta ɗauko rigar jariri ta doshi gidan. Sai an sauka lafiya, an ji guɗa, sannan mata su fara sallama da ƙunshi a hannu. A Amurka kuwa tun kafin haihuwa ake tara ƙawaye a yi wa mai ciki walimar kyaututtuka, al'adar da ta bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A arewacin Indiya ma, ciki na wata bakwai ake zaunar da mace a cika mata cinya da 'ya'yan itatuwa da kayan zaƙi. Jinkirin namu yana da riba babba: mai zuwa barka ta riga ta san mace ce ko namiji, ɗaya ne ko tagwaye, ƙato ne ko ɗan mitsitsi, da sanyi ya zo ko da zafi. Ba ta saye a makance.

Yaron da aka haifa ranar Talata da hantsi, Talata mai zuwa ake raɗa masa suna. In kika ƙirga da yatsu kwana takwas za ki samu, alhali rana ta bakwai aka ce. Amsar tana cikin fiƙihun Malikiyya: ranar haihuwa ba ta shiga lissafi matuƙar an haihu bayan ɓullowar alfijir. A mazhabar kuma rago ɗaya ya wadatar, ko mace ko namiji, saɓanin Shafi'iyya da Hambaliyya da suka so a yanka biyu ga namiji. Akwai wata sunna a ranar da ake yawan mantawa duk da arharta: gashin da wanzami ya aske a auna shi, a yi sadaka da azurfa daidai nauyinsa.

Sai biki, wanda shi ne ke hana mata da yawa barci idan suna ya gabato. Abin da ƙawarki ta kawo miki ranar naki, idan nata ya tashi ki mayar da ƙari, a da ma ninki ake yi. Tsohon abu ne a ƙasar Zazzau. Baba ta Karo, ungozomar da ta zauna da Baturiya Mary Smith a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950 tana ba ta labarin rayuwarta, ta yi bayanin wannan musaya ta ƙawaye, littafin kuma ya fito a 1954. Abin mamakin shi ne a Jafan lissafin a juye yake. Iyayen jariri ne ke mayar wa wanda ya kawo musu kyauta da tukuici na kusan rabin kuɗin abin da ya kawo. Ni dai a ganina biki inshora ce da mata suka ƙirƙiro wa kansu tun kafin banki ya iso, kuma yana da kyau muddin bai kai mace ga cin bashi ba. Da zarar ya kai can, a zauna da ƙawa a rage shi, a koma farawa daga ƙasa.

Jariri ya fi kayansa sauri. Nauyin da aka haife shi da shi yana ninkawa kafin ya cika wata shida, yana kuma kusan ninkawa uku idan ya shekara. Rigar 'yan kwana bakwai da kowa ke rububin saye saboda kyau, mako kaɗan take yi ta matse. Ranar suna za ki ga an jibge irinta goma sha, babu ko ɗaya ta ɗan wata shida. Ki sayi babba, kuma ki ƙirga watanni kafin ki biya: wanda aka haifa a Yuli, tsakiyar damina, zai cika wata shida a Janairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa a fadamun Kudan. Rigar sanyi da hula da safa na ɗan wata shida su ne kyautarsa, ko da ana zufa ranar da kika kai su.

Sabulu ba ya burge kowa a cikin faranti, amma shi ake nema kullum. Sabon jariri na iya ɓata ƙunzugu sau takwas zuwa goma sha biyu a yini guda, ga zannuwan uwa, ga na shimfiɗa. Sandar sabulu da garin wanki da bokiti mai murfi sun fi takalmin da ba za a taka ƙasa da shi ba. Famfas kuwa, wani kaka ne ya jawo shi: Victor Mills, injiniya a kamfanin Procter & Gamble na Amurka, ya gaji da wankin nafkin ɗin jikansa, aka fito da Pampers kasuwa a 1961. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗinsa ya fi ƙarfin gidaje da yawa, don haka dozin ɗin nafkin na yadi, wanda za a wanke a shanya har ƙanensa ya gada, ya fi daɗewa yana amfani. Sai dai ki duba gidan tukuna. Inda rijiya ke da nisa ko take ƙafewa da rani, fakitin famfas na dare da na tafiya asibiti taimako ne na gaske.

A nan zan ɗan daɗe, domin jariri yana da masu saya masa, mai jego ake mantawa. Kwana arba'in na wankan jego suna cin itace, suna cin gero. Ɗaurin itace ko mudu biyu na gero kyauta ce da iyayenmu suka san darajarta, kuma har gobe ba ta tsufa ba. Amma akwai labarin da ya kamata duk mai kai kayan kunu ta sani. A shekarun 1970 likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun lura cewa ciwon gazawar zuciya bayan haihuwa ya yi yawa ƙwarai a ƙasar Zazzau, har kusan mace 1 cikin 100 na masu haihuwa, adadin da ya sa sunan Zariya ya shiga littattafan likitancin zuciya na duniya. Sun ɗora zargi a kan yawan kanwa a kunu, da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye da abokan aikinsa a Kano ya ƙara nuna hannun talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ko ta wace fuska aka duba, amsar mai kai barka ɗaya ce: ki kai abin da zai gina jikin uwa. Gyaɗa don kunu, wake, ƙwai, busasshen kifi, zogale, man ja. Kanwa kuwa a rage hannu. In kin shiga barka kika tarar ƙafafun mai jego sun kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, ki ce wa maigidan a kai ta asibiti a ranar. Kada a jira arba'in.

Mutanen wannan yanki ba su da dalilin tafiya Sabon Gari ko Kantin Kwari neman abin kai wa mai jego. Makarfi garin rake ne da mazarƙwaila, curi biyu sun isa zaƙin kunu na kwanaki. Ikara tana da tumatir har masana'antar sarrafa shi aka kafa a garin, kuma ƙullin kauɗa da barkono da albasa yana rage wa gidan suna kuɗin cefane. Kudan kuma a 'yan shekarun nan ta yi suna da noman inabi, abin da mutane da yawa a kudancin ƙasar nan ba su san ana shukawa a Najeriya ba. Duka wannan na uwa ne. Jariri nono kawai yake buƙata har wata shida, ko ruwa ba a ba shi, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta. Zuma ma, duk albarkarta, likitoci sun hana a ba yaron da bai shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya ɓuya a cikinta, hanjinsa bai yi ƙwarin yaƙarta ba, ta shanye masa jiki.

Akwai kyaututtukan da ake kaiwa da zuciya ɗaya su zama cuta. Kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin kayan jariri don ƙamshi da korar kyankyasai yana fasa jajayen ƙwayoyin jinin yaran da aka haifa da wani rauni na gado a jini, raunin da ya yawaita a Najeriya musamman ga maza. Sai shawara ta taso, ido ya yi rawaya, in ta yi tsanani ta taɓa ƙwaƙwalwa. Kwalli ma haka. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma mai yawa a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka bi diddigi sai aka gano kwallin da ake sa masa ne, tsaraba daga gida, kuma da aka auna shi kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Hoda kuwa, ƙurarta na shiga huhun jariri, kamfanin Johnson & Johnson da kansa ya daina sayar da tsohuwar hodarsa ta farin dutse a duniya baki ɗaya daga 2023. Fida da madarar gwangwani, tun 1981 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar hana tallata su ga iyaye mata, domin fidar da ba a dafa ba hanyar gudawa ce. Ki bar su sai in likita ne ya rubuta.

Madadinsu akwai ɗan ƙaramin bututun man cibiya da ake kira kilohekzidin, wanda a Najeriya Jihar Sakkwato ce ta fara rabawa a 2013 kafin ya bazu. Yana kare cibiya daga ƙwayoyin cuta, ya kuma raba jariri da gashin cibi da tsumma ko shafa man goge haƙori. Cibiya kaɗai ake shafa wa. In ya shiga ido yana makantarwa, don haka wadda ta kai shi ta faɗi wannan da bakinta.

Zani fa? A 1978, a wani asibitin haihuwa da ke Bogota a ƙasar Kolombiya, kwalaben ɗumama bakwaini sun yi kaɗan, sai Dakta Edgar Rey ya sa iyaye mata su ɗaura jariransu a ƙirji, fata da fata, a rufe da mayafi. Yara suka rayu, yau kuma hanyar ta zama abin koyarwa a asibitocin duniya, har da namu. Kayan aikinta zani ne da hula. Turmin atamfa ɗaya yana ba da zanen goyo da majanyi da abin shimfiɗa, shi ya sa har yanzu ban ga kyautar da ta kai shi yawan aiki ba.

A Finlan gwamnati ce ke kai barka. Tun 1938 take ba mata masu ƙaramin ƙarfi kwali cike da tufafi da kayan wanka da 'yar katifa, a 1949 aka buɗe wa kowace uwa, da sharaɗin ta je awo da wuri. Kwalin kansa gadon jariri ne. Sikotlan ta kwaikwaya a 2017. A nan abin da ya fi kusa da wannan shi ne gidan sauro mai magani, wanda uwa da jariri za su kwana a ciki tare. Ga garuruwan fadama da rake, inda ruwa ke kwanciya, ba na sa komai a gabansa.

Wata dacewa mai ban sha'awa: mai jego tana gama arba'in, kwana biyu bayan nan ranar riga-kafin mako shida ta cika. Daga nan sai mako goma, sai mako goma sha huɗu, sai ta ƙyanda a wata tara. Allurar kyauta ce a asibitin gwamnati, kuɗin mashin ne ke hana matar ƙauye zuwa. Ƙanin miji ko kawu mai babur da zai ce, "Yaya, duk ranar allura ni zan kai ku," ya ba da abin da ya fi shadda. Haka maƙwabciyar da ba ta da ko sisi amma ta ɗauki ɗiban ruwa na mako guda, ko ta riƙe yayan jaririn da aka yaye, wanda kowa ke tsallakewa ranar suna. Ɗan biskit ko silifas a hannunsa yana rage kishi.

In kuma ku huɗu ne ko biyar, ƙawaye ko 'yan adashi ɗaya, maimakon baho biyar iri ɗaya ku haɗa kuɗin ku shiga kara ranar kasuwar Makarfi ku sayi 'yar akuya da sunan jaririn, kamar yadda kakanni ke yi wa jikoki. Jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta daɗe tana nazari a kanta, wata biyar take ɗaukar ciki, sau da yawa tagwaye take haifa, kuma da kulawa tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu. Harawar wake da ta gyaɗa da dusa ba su yankewa a gidajen Paki da Gubuci da Likoro. A tabbatar dai gidan suna da wurin ɗaure ta, a kuma yi mata allurar dabbobi kafin damina ta sauka.