Komawa Yoga Bayan Shekara Arba'in: Abin da Gwiwa Take Buƙata

Cikin masu shimfiɗa tabarmar yoga, wanda ya fi kusa da jin rauni ba sabon shiga ba ne. Tsohon hannu ne, wanda ya yi ta yana ɗan shekara 25, aiki da iyali suka ɗauke masa hankali, sai yanzu ya dawo da furfura a gemu. Sabon shiga yana taka-tsantsan don bai san komai ba. Shi kuwa wanda ya dawo yana tuna lokacin da goshinsa ke taɓa gwiwa ba wahala, sai ya nemi jikin yau ya biya bashin jiya.

Me ya canza a tsakani? Guringuntsin da ke lulluɓe bakin ƙasusuwa ba shi da jijiyoyin jini. Abincinsa yana samuwa ne daga ruwan da ke cikin gaɓa, kuma ruwan ba ya shiga ya fita sai an motsa, an danna, an saki. Shekarun zama kan kujerar ofis da kujerar mota suna rage wannan zirga-zirga. Ga tsoka tana raguwa, ga jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi suna ƙara tauri. Ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba ke nan: mai yake so da lallaɓawa, in aka banke shi sai marfin ya ɓalle.

Ɗaya daga cikin wuraren da ake samun ɓarna shi ne zaman harɗe na yoga, wanda Indiyawa ke kira padmasana, inda ake ɗora kowace ƙafa kan cinyar ɗaya. Ƙugu ne ya kamata ya juya a wannan zama. Idan ƙugu ya sage, mutum ya ja ƙafar da ƙarfin hannu, gwiwa ce ke ɗaukar murɗar, alhali aikinta lanƙwasa da miƙewa ne. Tsayuwa da ka ma haka, nauyi yana komawa kan wuya, kuma likitoci na hana ta ga masu hawan jinin ido.

A nan ne tarihin B.K.S. Iyengar yake da amfani. An haife shi a 1918 a kudancin Indiya, ya tashi cikin laulayi, daga zazzaɓin cizon sauro zuwa taifot da tarin fuka. Ya koyi yoga wurin surukinsa Krishnamacharya a Mysore, sannan ya zauna a birnin Pune yana koyarwa. Shi ya yaɗa amfani da tubalin katako, da ɗamara, da bargo, da kujera, domin wanda hannunsa bai kai ƙasa ba a ɗago masa ƙasar. Ya rasu a 2014 yana da shekara 95, kuma bai bar atisaye ba har cikin tsufansa. A ganina duk wanda ke jin kunyar dafa kujera a aji, girman kai ne ke damunsa, ba gwiwa kaɗai ba.

Likitoci dai ba su kambama amfanin yoga ga gwiwa ba. Ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka, a jagorarta ta 2019, ta ƙarfafa motsa jiki sosai ga masu amosanin gwiwa, amma yoga ta amince da ita ne bisa sharaɗi, don hujjojin ba su kai na sauran ba.

Na san mai karatu zai yi tambayar addini. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta haramta wa Musulmi yogar da ke haɗe da addu'o'in Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Miƙa da numfashi kawai nake magana a kai.

Wanda zai koma ya fara da minti goma zuwa sha biyar, bayan ya ɗan taka jiki ya yi ɗumi. Jan da ake ji a tsakiyar tsoka ba laifi, amma suka a cikin gaɓa umarnin tsayawa ne. Idan kuma gaɓa ta kumbura, ko ta yi zafi, ko sagewar safe ta kai awa guda, a ajiye tabarma a je asibiti tukuna.