Gaskiya ko Jita-jita: Fitila da Makirfo Ke Gyara Bidiyo, ko Mai Ɗauka?

Daga Tabotaki zuwa Buza, daga Keita zuwa Madawa, wayar hannu ta zama kyamarar kowa. Da ita ake ɗaukar ɗaurin aure da suna a tura wa 'yan ci-rani a Abijan ko Libiya. Da ita dillali ke nuna ragon layya, mai albasa ya nuna buhunansa, masu saƙar tabarmar kaba su nuna aikinsu, ɗalibai su naɗi tafsirin malaminsu. Yanzu kuma ga kayan haɗi sun cika kasuwa: fitilar zobe, 'yar fitilar aljihu, da makirfo mai maƙalewa a wuyan riga, mai igiya da marar igiya. Kayan sun zo da maganganu iri-iri, wasu daga bakin masu sayarwa, wasu daga majalisar samari. Kuɗin da matashi zai kashe a kansu guminsa ne, don haka bari mu tankaɗe maganganun nan ɗaya bayan ɗaya.

"Yawan megafiksel shi ne kyawun hoto"

Jita-jita. Bidiyon da ake kira 1080 bai wuce megafiksel 2 da ɗan ɗoriya ba, 4K kuma 8 da ɗoriya. Yawancin wayoyin da aka rubuta wa 48 haɗa ɗigo huɗu-huɗu suke yi su fitar da hoto mai 12. Abin da kyamara ta fi buƙata haske ne. Idan ya yi mata ƙaranci sai ta tilasta wa kanta gani, hoton ya fito da tsaki-tsaki, duk wanda ya motsa ya yi dishi-dishi. Sannan WhatsApp na matse hoto kafin ya tura shi, sai dai a zaɓi HD ko a aika shi a matsayin fayil. A ƙasar da ƙura ba ta ɗaukewa, goge idon kyamara da tsabtataccen ƙyalle mai laushi ya fi ƙarin megafiksel amfani.

"Fitilar da ta fi ƙarfi ita ta fi fitar da mutum"

Akwai ƙamshin gaskiya, amma an bar mafi muhimmanci a baya. Na farko, haske na raguwa da sauri fiye da yadda ake zato. Idan ka janye fitila daga mita 1 zuwa mita 2, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne zai isa fuska. A mita 3, ɗaya cikin tara ne. Ke nan ƙaramar fitila a kusa ta kan yi aikin da babba ta kasa yi daga nesa.

Na biyu, faɗin abin da ke ba da hasken shi ke sa fuska ta yi laushi. Tocila ƙaramin ido gare ta, shi ya sa take fitar da inuwa mai kaifi da ƙyallin gumi a goshi. Ka rataya farin mayafi tsakaninta da fuska, ko ka haska farin bango hasken ya dawo, za ka ga bambanci nan take. Na uku, inda hasken ya fito. A ajiye fitila ɗan sama da ido, a ɗan karkata ta gefe guda. Daga ƙasan haɓa tana munana fuska, daga bayan mutum kuma tana mayar da shi inuwa.

Da rana ma haka abin yake. Ranar tsaka tana zurma idanu cikin duhu, ta sa mutum ya riƙa ƙanƙance ido. A shigar da shi ƙofar zaure ko ƙarƙashin rumfa, fuskarsa na kallon waje, ko a jira hantsi ko bayan la'asar. Fitilar zobe kuwa an yi ta ne don fuska ɗaya a kusa. Tana yi wa mai ƙunshi da mai kwalliya aiki, amma ba za ta haska dandalin biki ba.

"Filashin waya ya wadatar a taron dare"

Jita-jita. 'Yar fitilar bayan waya ba ta wuce taku biyu ko uku da ƙarfi ba. Na gaba su yi fari fat, na baya su nutse a duhu. Fararen ɗigogin nan masu yawo a hoton dare, waɗanda wasu ke jingina wa iskoki, ƙura ce da ke gab da idon kyamara filashi ya haska ta. Shi ya sa suka fi yawa a lokacin hunturu, da wurin rawa ko filin kokawa inda ƙafafu ke tayar da ƙasa. Idan aka kashe filashin aka ba wani fitila ya riƙe daga gefe, sai su ragu ƙwarai.

"Baƙar fata ba ta fita a hoto sai an watsa mata haske"

Jita-jita, kodayake tana da asali. Shekaru da dama, katin da kamfanin Kodak ke raba wa masu wanke hoto don daidaita launi hoton farar mace yake ɗauke da shi, don haka injinan suka fi dacewa da farar fata. Laifin ma'auni ne, ba na fata ba. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya samu karɓuwa a Afirka ne har da dalilin daidaita kyamarorinsa da baƙar fata.

Matsalar da ta rage a yau ita ce ango mai farar shadda, ko mutumin da ya ba wa sararin sama baya. Waya na ganin farin ya yi yawa sai ta rage haske, fuska ta duhunce. Maganinta shi ne a taɓa fuskar a kan gilashin waya kafin a ɗauka, a kuma sa farin kwali daga gefe ya mayar mata da haske. Watsa haske har fata ta koma toka-toka ɓata kamanni ne. Ga ɗan kasuwa kuwa asara ce: tocila mai shuɗin haske tana sauya launin atamfa da jan albasar Galmi, mai saye ya ga kaya sun iso ba kamar yadda ya gani ba, amana ta taɓu.

"Makirfo mai tsada zai kashe hayaniya"

Jita-jita, kuma a nan aka fi yin asarar kuɗi. Makirfo bai san muryar malam daga kukan janareto ba, abin da ya fi kusa da shi yake ɗauka. A fili, idan ka matso da shi daga mita 2 zuwa santimita 20 daga baki, ƙarfin muryar da ke isa gare shi ya kan ninka kusan sau 100, alhali hayaniyar kasuwa tana nan yadda take. Wannan shi ne sirrin makirfon wuyan riga, kuma shi ya sa mai araha a ƙirji ya fi mai tsada a nesa. A maƙala shi kimanin taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, inda rawani ko mayafi ko carbi ba zai goge shi ba.

Iska ma abokiyar gaba ce. Soson da ke kan makirfo na tare numfashi da 'yar iska, amma iskar hunturu sai murfi mai gashi, ko kuma mai magana ya ba ta baya. A cikin ɗaki, siminti da rufin kwano suna mayar da amsa-kuwwa, ɗakin laka mai tabarmi da labule da katifa kuwa ya fi fitar da murya garau. Kada a tsaya gab da lasifika, domin sautin da ya fashe wajen naɗa ba ya gyaruwa. Maɓallin rage hayaniya da ke jikin wasu makirfo na taimakawa ga magana, amma yana cinye amon kalangu da gurmi, don haka a kashe shi wurin kiɗa. Mutane kan jure bidiyo mai ɗan duhu, amma wa'azin da ba a jin kalmominsa ba mai kallonsa har ƙarshe.

"Kowane makirfo na shiga kowace waya"

Jita-jita. Dubi bakin igiyar: mai zobe biyu na kyamara ne, mai zobe uku shi ne na waya. Marar igiya kuma akwai mai bakin USB-C, akwai na tsofaffin iPhone, wasu wayoyin ma sai an kunna OTG kafin su gane shi. Nisan da ake rubutawa a kwali na fili ne da ba shamaki, bango ko cunkoson jama'a na rage shi. Kafin ka biya, maƙala shi a wayarka a gaban mai kanti, ka yi nisa, ka ƙwanƙwasa shi da yatsa, ka saurari abin da aka naɗa.

"Baƙaƙen layukan da ke gudu a bidiyo alamar waya ta lalace"

Jita-jita. Wutar NIGELEC, kamfanin lantarkin Nijar, kamar ta Nijeriya, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wasu ƙwayayen lantarki kuma suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa yadda ido ba ya gani. Wayar da ke ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa ta kan kama ƙiftawar. A saita ta a kan hoto 50 ko 25 a daƙiƙa idan ta ba da dama. Fitila mai batir galibi ba ta da wannan matsala, kuma ta fi dacewa da ƙauyen da wuta ba ta kai ba. Batirin ajiya mai mAh 10,000 zai riƙe fitila mai wat 10 kimanin awa uku, muddin ba a bar shi cikin zafin bazara ba.

"Ba a aikin kirki sai da kayan waje masu tsada"

Tarihin jihar Tawa ya ƙaryata wannan. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, makanike ne tun farko. Da fitila da kwali ya fara nuna wa jama'a wasan inuwa, kafin ya yi fim ɗin Aouré a 1962 da Bon Voyage Sim a 1966, ya shiga sahun farko na masu fim ɗin zane a Afirka. A garin Tawa ya zauna yana aikinsa shekaru masu yawa. Kaya masu kyau suna sauƙaƙa aiki, babu musu, amma sanin haske da sauti ne ke gaba.

Don haka mai 'yan kuɗi ya bi wannan tsari: ya fara da makirfon wuyan riga da murfinsa na iska, sai abin ɗora waya mai ƙafa uku, sai fitila mai batir wadda ake iya rage ƙarfinta. Kafin duk waɗannan, ya koyi matsowa kusa, da juya mutum ya fuskanci haske, da neman izininsa kafin a ɗauke shi.