Taici Motsa Jiki Ne, Ba Tsafi Ba

Wani bidiyo da ya yi yawo a wayoyi, na wani tsoho mai Taici ɗan ƙasar Sin da yake ɗaga hannu ƙarti suna zubewa bai taɓa su ba, ya sa wasu samari a Kirikasamma da Haɗeja sun yanke hukunci cewa Taici asiri ne, irin layu da kambun da 'yan dambenmu ke ɗaurawa. Tarihin wasan bai goyi bayan wannan zance ba. Su kansu Sinawa suna da tatsuniyar wani mai zuhudu, Zhang Sanfeng, wai shi ya ƙirƙiro shi a dutsen Wudang bayan ya ga faɗan maciji da tsuntsu. Amma da masanin tarihi Tang Hao ya bi sawu a shekarun 1930, inda ya tsaya shi ne ƙauyen Chenjiagou a lardin Henan, wajen Chen Wangting, wani tsohon soja na ƙarni na 17. Daga wannan gida Yang Luchan ya koya, ya kai shi Beijing a ƙarni na 19.

Abin da masu Taici suke kira ƙarfin ciki shi ne ke ruɗa mutane, alhali duk wanda ya ga masunci yana tuƙa kwalekwale da gora a kogin Haɗeja ya san shi. Ba damtse ke tura jirgin ba. Mutum yana kafa ƙafa, ya murza ƙugu, ya saki kafaɗa, nauyin jiki duka ya bi gorar, shi ya sa siririn dattijo kan wuni a ruwa, ƙato ya gaji kafin hantsi. Haka mai Taici ke yi: yana tafiyar da motsi a hankali don gaɓoɓi su saba aiki tare, yana daidaita numfashi, in an turo shi ya kauce ya bar abokin karawa ya faɗi da nauyin kansa.

Wani zai ce, to in babu asiri ai wasan banza ne, tunda a 2017 ɗan dambe Xu Xiaodong ya kayar da malamin Taici Wei Lei a Chengdu cikin daƙiƙu. Wannan karon ya tona asirin masu cika baki ne, waɗanda ba su taɓa shan naushi a fage ba. Amfanin wasan a yau yana wajen lafiya, domin bincike ya nuna yana rage faɗuwar tsofaffi.

Gwamnatin Sin ta tsara gajeren salo mai motsi 24 a 1956 don kowa ya iya, UNESCO kuma ta sa Taici cikin al'adun duniya a 2020. Mu nan kokawa da dambe an bar su ga makaɗa da 'yan kallo bayan kaka. Ya kamata hukumomin wasanni na Jigawa su rubuta dabarun tsofaffin 'yan kokawa tun suna raye.