Farautar dako cikin ɗari: yadda mafarautan Amurka ke riƙe ɗumin jikinsu a kan itace

A ƙarshen watan Nuwamba na kowace shekara, jihar Wiskonsin da ke arewacin Amurka tana buɗe farautar barewa da bindiga ta kwana tara, kuma mutane fiye da dubu 500 ne ke yankar takardar izini. A maƙwabciyarta Mishigan, ana yin wannan farauta daga 15 zuwa 30 ga watan. Da yawa daga cikin mafarautan ba su bin sawun dabba da gudu ko da karnuka. Dako suke yi. Mutum yakan ɗaure ɗan mazaunin ƙarfe a jikin itace, mita huɗu zuwa shida daga ƙasa, ya hau tun kafin asuba, ya zauna shiru har barewa ta gitta. A Faransa da Jamus ma akwai irin wannan, sai dai can an fi gina ƴar hasumiyar katako a bakin daji, wadda Faransawa ke kira mirador.

A wannan lokaci na shekara sanyi yakan sauka ƙasa da sifiri a ma'aunin Selsiyus, ga iska, wani lokaci ga dusar ƙanƙara. Dole ta sa waɗannan mafarauta suka ƙware a kan tambaya guda: ta yaya mutumin da ba ya motsi zai riƙe ɗumin jikinsa awa biyar ko shida a fili? Amsar tana da amfani ga duk wanda aikinsa ke zaunar da shi waje cikin daren hunturu.

Mai zama ya fi mai tafiya shan ɗari

Jikin ɗan Adam yana tsayawa a kusan digiri 37, kuma shi ke ƙera zafinsa daga abincin da ya ci. Babban mutum da ke zaune yana fitar da zafi kimanin wat 100, kwatankwacin tsohon ƙwan lantarki guda. Idan ya tashi yana tafiya da sauri, zafin yakan ninka sau uku ko huɗu, domin tsokoki su ne murhun jiki. Shi ya sa manomi mai sassabe ke tuɓe riga da safiyar da mai gadi ke rawar ɗari cikin bargo.

Mai farautar dako an hana shi wannan murhu. Barewa tana da kaifin gani ga duk abin da ya motsa, don haka ba shi da damar buga ƙafa ko kai-da-komo. Tana kuma da hanci, saboda haka dole ya zauna inda iska za ta taso daga wajen dabbar ta nufo shi, kada ta kai mata warinsa. Ke nan iskar fuskarsa take duka. Ga shi kuma a sama, inda iska ta fi ƙarfi fiye da ƙasa tsakanin ciyayi. Tunda ba zai iya ƙara zafi ba, dabararsa duka ta koma kan toshe ƙofofin da zafin ke fita: iska, laima, da taɓa abu mai sanyi.

Abin da iska ke yi wa fata

Bahaushe ya riga ya raba sanyi da ɗari. Ɗari shi ne busasshen sanyi mai iska, wanda ke fasa leɓe da dunduniya. Masana sun auna wannan bambanci. Jiki yakan ɗumama ƴar siririyar iskar da ke manne da fata, ta zama masa kamar riga. Idan iska ta kaɗa sai ta share wannan riga, jiki ya sake ɗumama wata, ita ma a share ta. Haka zafi ke zurarewa.

Wasu Amurkawa biyu, Paul Siple da Charles Passel, su ne suka fara lissafa abin a nahiyar ƙanƙara ta Antaktika. Sun rataya gwangwanin roba cike da ruwa a waje, suna duba tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya daskare gwargwadon ƙarfin iska, suka kuma buga sakamakon a 1945. A 2001 hukumomin hasashen yanayi na Amurka da Kanada suka sabunta lissafin. Bisa wannan sabon ma'auni, idan iska na gudun kilomita 30 a awa, digiri 10 yana kama fata kamar digiri 7, digiri 5 kamar sifiri, sifiri kamar 6 ƙasa da sifiri. Digiri 10 ƙasa da sifiri kuwa yana komawa kamar 20 ƙasa da sifiri.

Saboda haka gogaggen mafarauci yakan fara da zaɓen wuri kafin zaɓen riga. Ranar da iska ta yi ƙarfi, yakan bar itacen da ke kan tudu ya koma gangare ko cikin itatuwa masu duhuwa. Wasu kan sauko ƙasa gaba ɗaya su shiga ɗan tanti.

Zufa ita ce maƙiyiyar ɓoye

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya jibga duk tufafinsa tun daga mota, ya saɓa bindiga da jaka, ya taka kilomita guda cikin daji, sannan ya hau itace. Kafin ya zauna ya yi sharkaf da zufa. Rabin awa bayan nan rawar ɗari ta kama shi. Dalili shi ne ruwa yana janye zafi kusan sau 25 fiye da iska, kuma yayin da zufar ke bushewa tana ƙara sanyaya fata, kamar yadda ruwan randa ke sanyi.

Tsofaffin hannu sukan yi akasin haka. Su fito da tufafi marasa nauyi, har suna ɗan jin sanyi a hanya, su yi tafiya sannu, babbar rigar tana ɗaure a bayan jaka. Sai sun isa, numfashi ya daidaita, sannan su saka ta. Wasu har safa suke canzawa a gindin itacen.

Irin yadin ma yana da muhimmanci. Auduga tana shan ruwa ta riƙe shi a jikin fata, don haka ba su sa ta daga ciki. Sun fi son ulu, wanda ko ya ɗan jiƙe yana riƙe ɗumi, ko kuma yadin roba mai saurin bushewa.

Riga hawa uku

Abin da ke ɗumama mutum a cikin tufafi shi ne iskar da ta maƙale tsakanin zaruruwa ba ta motsi. Shi ya sa riguna uku matsakaita suka fi guda ɗaya mai kauri. Ta ciki aikinta janye zufa daga fata. Ta tsakiya, mai laushi da kumbura, ita ke tara ɗumi. Ta waje kuma, mai matsattsen saƙa, ita ke tare iska. Idan babu ta wajen, iska za ta ratsa suwaita komai kaurinta kamar yadda take ratsa zana.

Mai dako yana da ƙarin sharaɗi: rigar wajen kada ta yi ƙara idan ya ɗaga hannu. A Wiskonsin da Mishigan doka ta kuma tilasta sa tufafi masu launi mai ƙyalli irin ruwan lemo lokacin farautar bindiga, don wani mafarauci ya hango shi daga nesa. Idon barewa ba ya bambance wannan launi sosai.

Kada tufafin su matse. Jini ne ke kai zafi daga ƙirji zuwa yatsu, duk abin da ya danne jijiya ya rage shi. Wanda ya cusa safa uku cikin takalmin da ya yi masa daidai, ƙafarsa za ta fi sanyi fiye da mai safa ɗaya ta ulu a takalmi mai yalwa.

Ƙafa, hannu, mazauni da wuya

Idan jiki ya fara jin sanyi, yakan tsuke jijiyoyin hannu da ƙafa don ya tara jini wajen zuciya da huhu. Sanyin yatsu sau da yawa alama ce cewa gangar jikin ce ba ta samu isasshen rufi ba. Ƙara riga a ƙirji yakan ɗumama ƙafa.

Mazaunin ƙarfe yana zuƙe zafi ta cinya da tafin ƙafa. Mafarauta sukan shimfiɗa soso a inda za su zauna, su sa guntun darduma ƙarƙashin takalmi. Ga hannu, sukan sa siririyar safa wadda ba za ta hana yatsa aiki ba, su cusa hannayen cikin wata jaka mai baki biyu da ake ɗaurawa a ƙugu. A ciki akan jefa ƴan ƙunshin ɗumi na zamani. Garin ƙarfe ne da gishiri da garin gawayi a ciki. Da an buɗe ledar iska ta shiga, ƙarfen ya fara tsatsa da sauri, zafin tsatsar ne ke ɗumama hannu na tsawon awoyi. Ba a ɗora su kai tsaye a kan fata, domin suna iya ƙona ta a hankali mutum bai sani ba.

Wuya kuwa kamar bakin bututun hayaƙi yake: ɗumin da ke cikin riga ta nan yake tashi ya fice. Hula da mayafin wuya suna toshe shi, su kuma kare kunne da hanci.

Akwai motsin da barewa ba ta gani. Mutum ya matse tsokar cinya ko ta ciki na ƴan daƙiƙoƙi ya saki, ya murza yatsun ƙafa cikin takalmi, ya maimaita. Kowace matsa tana ƙara ɗan zafi.

Murhu sai da itace

Ciki wofi ba ya ɗumama jiki. Masu dako sukan ci abinci mai maiƙo kafin su fita, su riƙe gyaɗa, cakulan da busasshen nama irin kilishi, da filas na shayi ko romo. Shan ruwa wajibi ne ko ba a jin ƙishi, domin busasshiyar iska na ɗebe ruwan jiki ta numfashi.

Giya yaudara ce. Tana buɗe jijiyoyin fata, mutum ya ji ɗumi ya lulluɓe shi, alhali zafin cikinsa ne ke fita, ga kuma dusashewar hankali a kan itace da bindiga a hannu. Taba ita kuma tana tsuke jijiyoyi, ta ƙara wa yatsu sanyi.

Masu zama a rufaffen ɗaki ko tanti sukan kunna ƴar na'urar ɗumi mai aiki da gas. Nan akwai wani haɗarin. Wutar da ke ci a wurin da iska ba ta shiga tana fitar da gubar da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Takan fara da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, sai barci, wani barcin ba a tashi. Dole a bar kafar iska a buɗe.

Sanin lokacin sauka

Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga haɗari. Da farko makyarkyata ce mai ƙarfi. Daga nan yatsu su kasa ɗaure igiya ko ɓalle maɓalli, magana ta fara sarƙewa, tunani ya rikice, barci ya riƙa fizga. Idan makyarkyatar ta tsaya alhali mutum bai ɗumama ba, abin ya yi tsanani. Mugun abin shi ne sanyin yana taɓa hankalin da ya kamata ya gane haɗarin. Ga mai dako kuma akwai faɗowa, wadda tana cikin manyan sanadin raunin mafarauta a Amurka. Shi ya sa ake ɗaure jiki da ɗamara a itacen tun daga hawa har sauka, kuma ake sauka tun hannu na iya riƙe tsani.

Mutanen wannan yanki suna tuna ranar 11 ga Nuwamba 1940. Gari ya waye da ɗumi, mafarautan agwagin daji suka shiga tsibiran kogin Misisipi tsakanin Minesota da Wiskonsin da tufafi marasa kauri. Da rana iska ta juya, ruwa ya sauko, ya koma dusar ƙanƙara, igiyar ruwa ta hana ƙananan jiragensu komawa gaɓa. Guguwar ta kashe kimanin mutum 150 a jihohin da ta ratsa, cikinsu har da mafarauta da dama da suka kwana a jiƙe. Washegari wani matuƙin ƙaramin jirgin sama, Max Conrad, ya riƙa shawagi a kan kogin yana nuna wa masu ceto inda sauran suke. Tun daga nan darasin bai canza ba: a duba hasashen yanayi, a ɗauki busassun tufafi, a faɗa wa wani inda za a je da lokacin dawowa.

Wanda sanyi ya kama, a fitar da shi daga iska, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe ƙirji, wuya da kai tukuna. Idan yana cikin hayyacinsa a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari. Kada a murza masa hannu da ƙafa da ƙarfi, kada a manna shi da wuta. Idan ya rikice ko ya suma, a garzaya da shi likita.

Masu zaman hunturu a nan gida

A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ba a ganin dusar ƙanƙara, amma daga Disamba zuwa Fabrairu dare yakan yi sanyi sosai, a Agadas da duwatsun Abzin ma har ya kusanci sifiri. Sanyi ba sai ya kai sifiri yake kayar da mutum ba. Digiri 10 da iska da jiƙaƙƙiyar riga sun isa, musamman ga tsoho, jariri da mai fama da yunwa.

Masu dako a nan suna da yawa: maharbin da ke jiran dabba a bakin tabki, mai gadin shago, mai tsaron lambu, fasinjan da ke saman babbar mota. Ɗan kabu-kabu shi ke ƙera iskarsa da gudun babur ko da gari ya yi tsit, don haka rigar da ke tare iska ta fi masa suwaita biyu. Kayan ba sai masu tsada ba. Rigar ulu ta gwanjo, kwali ko buhu a kan benci da ƙarƙashin ƙafa, zana ko bango ta gefen arewa maso gabas inda hunturu ke fitowa, da rawani irin na Buzaye mai rufe wuya, kunne da hanci, duk aiki ɗaya suke yi da kayan mafarautan Wiskonsin. Mai gadi ma ya fi mafarauci sa'a, tunda babu barewar da zai kora idan ya tashi ya zaga.

Kaskon gawayi kuwa wurinsa waje ne ko ɗaki mai buɗaɗɗiyar taga, kuma a fitar da shi kafin a kwanta. Wanda ya ɗauki mai gadi aiki, ya duba tun kafin Disamba ko yana da wurin fakewa daga iska, da bargo, da abin da zai sa a ciki kafin dare ya raba.