Wa Ke Duba Mai Jinyar Tsoho?

A ƙauyukan Gaya da Ajingi, da zarar an kai amfanin gona rumbu, magidanta da samari kan bi hanyar Wudil su tafi cirani Kano ko Legas. Gida ya rage daga mata sai yara sai tsofaffi. Idan Baba ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, ko Inna ta fara gigin tsufa, sau da yawa nauyin kan faɗa a kan mutum ɗaya: matar ɗa ko 'yar auta.

Ita ke dama kunu da asuba, ta jingina Baba da matashi, ta ba shi a ludayi, ga goyo a bayanta. Idan kuma Inna ce, da tsakar dare ta fito tana neman mijinta da ya daɗe da rasuwa, ita ke lallaɓa ta ta koma ɗaki. 'Yan dubiya su shigo, "Ya jikin tsohuwa?" Ta ce, "Da sauƙi." Ba mai tambayar ta ko ta runtsa. A haka gajiya ke taruwa har ta zama tsawa da hantara, alhali ba mugunta ba ce.

Nan ne aikin jami'an walwalar jama'a yake. Jami'in kirki yakan ziyarci gida, ya saurari tsohon da mai jinyarsa, sannan ya tara dangi, da mai unguwa ko liman idan ta kama, a raba aiki. Na birni ya ɗauki kuɗin magani. Namiji ya karɓi wankan Baba da kai shi banɗaki, domin kunyar surukuta kan sa a bar tsoho cikin ƙazanta. Wata ta karɓi kwana, mai jinya ta samu barci.

Akwai kuma abin da kowane gida ya kamata ya sani. Wanda ke kwance a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, don kada gyambo ya fito masa. Gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba maita ba ne. Hawan jini da ciwon suga na son awo a kai a kai, ko a asibitin sha-ka-tafi ko a Babban Asibitin Gaya, kuma yanar ido ana cire ta da tiyata.

Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsofaffi a 2021, Kano kuma na da Hukumar Zakka da Hubusi da Gidan Gajiyayyu a Shahuci. Sai dai Bahaushe bai saba kai iyayensa gidan gwamnati ba, don haka taimakon ne ya kamata ya iske su a gida. Kafin ya iso, idan ka je dubiya, ka gaida tsohuwa, sannan ka juyo wajen mai jinya ka ce, "Yaya, je ki kwanta, yau ni zan zauna da ita."