Janar Kevin Chilton: Hafsan da Ya Tsare Taurari da Kwamfutoci

 A da, in an ce fagen fama, wuri uku a ke nufi: tudu, da teku, da sama. To, yanzu an ƙara biyu, watau sararin samaniya inda taurarin ɗan Adam su ke kewaya duniya, da kuma hanyoyin da kwamfutoci su ke aika wa juna saƙo. Yau za mu yi zancen wani hafsan Amurka wanda aka ɗora wa tsaron duka biyun, Janar Kevin Chilton.

An haife shi a Los Anjalis cikin 1954. Ya gama kwalejin mayaƙan sama cikin 1976, ya zama matuƙin jirgin yaƙi, sa'an nan mai gwajin sababbin jirage. Cikin 1987 hukumar NASA ta ɗauke shi, har ya tafi samaniya sau 3. A tafiyarsa ta fari, cikin 1992, shi ne matuƙi na biyu a kumbon Endeavour, sa'ad da mutum 3 suka fita waje suka kama wani tauraron sadarwa da hannu, suka ɗaura masa sabon injin da ya kai shi mazauninsa. Cikin 1996 kuwa shi ya shugabanci kumbon Atlantis zuwa tashar Rasha mai suna Mir.

Da ya koma aikin soja ya yi ta hawa, har cikin 2007 aka ba shi babbar rundunar da ke Nebraska, wadda ta ke riƙe da makaman nukiliya, kuma a zamanin nan ita ke da alhakin samaniya da kwamfutoci.

Bai daɗe ba jarrabawa ta zo. Wani tauraron leƙen asiri na Amurka ya lalace yana gangarowa, da man roka mai guba kamar laba 1,000 a cikinsa. Cikin Fabrairu 2008 aka harbe shi daga jirgin ruwa, yana kamar mil 150 bisa ƙasa. Me ya sa aka jira ya sauko haka? Dalili shi ne, a nan akwai sauran iska kaɗan, ita ce ta ke jan tarkacen ƙasa su ƙone cikin 'yan watanni. Wanda ƙasar Sin ta harbe cikin 2007 ya fi mil 500 bisa, don haka ya bar gutsattsari fiye da 3,000. Ku tuna, abin da ke can yana gudun kusan mil 17,000 a sa'a guda, ko ɗan ƙusa ya isa ya huda kumbo.

Jarrabawa ta biyu ba ta da ƙara ko hayaƙi. Cikin 2008 ɗin nan, a wani sansani a Gabas ta Tsakiya, aka cusa ɗan abin ajiyar bayani, wanda bai fi yatsa ba, cikin wata kwamfuta. Ashe yana ɗauke da mugun umurni mai haifar kansa, ya bazu har cikin kwamfutocin asiri. Sai da aka yi wajen wata 14 ana share shi. Wannan na cikin abin da ya sa aka kafa rundunar tsaron kwamfuta cikin 2010, a ƙarƙashin rundunar Chilton. Shi kuwa ya yi murabus cikin 2011.

Kila ku ce, ina haɗin tauraro da kwamfuta? Ai da umurni daga kwamfutar ƙasa a ke sarrafa tauraro. Wanda ya shiga kwamfutar nan, ya kama linzamin tauraron ba tare da ya harba ko harsashi ɗaya ba. Jirgin da ke kai alhazai Jidda kuwa, da taswirar da ke cikin wayarku, duk da taurarin nan su ke gane hanya.